Kwikwiyona ya fara gurnani da cizo: in sa masa abin wuya mai lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwikwiyo ɗan wata huɗu, wanda na karɓo tun yana da sati shida, da niyyar idan ya girma ya yi mana gadin gida. Kwanan nan ya fara kama ƙafafun yara da haƙora idan suna gudu, yana kuma cizon hannuna idan ina wasa da shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, 'yata mai shekara biyar ta matsa kusa da kwanonsa yana cin abinci, sai ya sandare, ya yi mata gurnani, ya kai mata cafka, Allah ya kiyaye bai same ta ba. Wani abokina ya ce in sayi abin wuya mai lantarki wanda ake dannawa da rimot, ko sarƙa mai zarge, in riƙa hukunta shi duk lokacin da ya yi gurnani, don ya san wane ne mai gida. Shin wannan ita ce hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na gode da wannan tambaya, kuma ka yi daidai da ka ɗauki abin da ya faru da 'yarka da muhimmanci, domin fuskar yarinya mai shekara biyar tana daidai da bakin kare, kuma ba a jira sai an yi rauni kafin a tashi tsaye. Amsata a taƙaice ita ce kada ka sa wa wannan kwikwiyo abin wuya mai lantarki, kada kuma ka sa masa sarƙa mai zarge. Na hana ka ne saboda tsoron da nake yi wa ita yarinyar, kafin ma a zo maganar tausayin dabba, kuma zan yi bayanin dalilin.

Da farko, abubuwa biyu ne daban ka haɗa a wasiƙarka, kuma kowanne da maganinsa. Kama ƙafafun yara da cizon hannu a lokacin wasa ɗabi'a ce ta kusan kowane kwikwiyo mai wannan shekaru. Kwikwiyo yana da haƙoran nono guda 28, masu tsini kamar allura, waɗanda suke fara zubewa daga wajen wata uku zuwa huɗu, manya guda 42 su maye gurbinsu, aikin kuma yakan kammala a wajen wata shida zuwa bakwai. Naka yana tsakiyar wannan lokaci ne, dasashinsa na yi masa ƙaiƙayi da zafi, kuma baki ne kaɗai abin da yake da shi na riƙe abu da gwada shi. Ga kuma wani abu da ka ambata ba tare da ka ba shi muhimmanci ba, wato ka raba shi da uwarsa yana da sati shida. A cikin makonnin da suke biyo bayan wannan ne kwiyakwiyai suke koyon sassauta cizo a tsakaninsu: idan ɗaya ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wanda aka ciza sai ya yi ƙara ya bar wasan, a hankali mai cizon ya gane cewa ƙarfin haƙori yana kashe wasa. Shi ya sa likitocin dabbobi suke ba da shawarar a bar kwikwiyo wurin uwarsa har ya kai sati takwas aƙalla. Naka bai gama ɗaukar wannan darasi ba, don haka koyarwar ta dawo wuyanka.

Yadda za ka koyar kuwa ba shi da wuya, sai dai yana buƙatar kowa a gidan ya yi iri ɗaya. Da zarar haƙorinsa ya taɓa fatarka, ka tsayar da hannunka cak, kada ka fizge, domin abin da yake gudu shi yake ƙara jawo shi. Ka miƙe, ka juya masa baya ko ka fita daga wurin na kamar daƙiƙa ashirin zuwa talatin, ba tsawa, ba duka, sannan ka dawo da abin taunawa a hannu, igiya mai kauri da aka ƙulla ko abin wasan roba mai tauri, ka ci gaba da wasa da shi ta wannan abin. Idan ya kama abin wasan, ka yaba masa da murya mai taushi, wasa ya ci gaba; idan ya koma kan hannu, wasa ya sake tsayawa. Za ka maimaita wannan sau da yawa a rana har ka gaji, amma da haka yake fahimta. Game da yara kuwa, kada a bar shi sake a lokacin da suke guje-guje, a riƙe shi da igiya ko a sa shinge tsakaninsu, a kuma koya musu cewa idan ya biyo su, su tsaya cak su rungume hannuwansu. Sannan ka lura da barcinsa. Kwikwiyo yana buƙatar barcin da ya kai kimanin awa 18 a rana, kuma yawancin cizon da ake gani da yamma, wanda yake yi kamar ya fita hayyacinsa, gajiya ce take kawo shi. Idan ka ga ya kai wannan hali, wuri mai shiru yake buƙata ya kwanta.

Abu na biyu, wanda ya faru a bakin kwano, shi ne mai nauyi, kuma a nan nake so mu daɗe. Kwikwiyon da ya sandare a kan abincinsa ya yi gurnani, tsoro yake ji kada a ƙwace masa abin da yake ci. Kafin kare ya kai ga cizo, yakan bi wasu matakai na gargaɗi: ya lashi leɓe ko hanci, ya yi hamma ba da barci ba, ya kau da kai, ya ƙara saurin ci, ya sunkuyar da kai a kan kwano yana kallon mutum ta gefen ido har farin idon ya bayyana, jikinsa ya sandare, sai gurnani, sai cafka a iska, daga ƙarshe cizo. Ka lura cewa naka ya bi matakan nan bi da bi, ya sandare, ya yi gurnani, ya kai cafka bai taɓa ta ba. Kare yana da saurin da in ya yi nufin kama yarinya a wannan tazara, da wuya ya kuskure. Abin da ya yi, faɗa mata ya yi da iyakar abin da yake da shi cewa ta matsa baya. Ba abin jin daɗi ba ne, amma wannan gargaɗi shi ne ya tsare fuskar 'yarka a ranar.

To yanzu ka duba abin da zai faru idan ka bi shawarar abokinka. Yarinya ta nufo kwano, kwikwiyo ya yi gurnani, ka danna rimot, wuta ta ja shi a wuya. Shi bai san rimot ba, bai san kai ne ka danna ba, bai kuma san dokar da kake son koya masa ba. Abin da idonsa yake kai a daidai lokacin da zafin ya zo shi ne yarinyar, saboda haka abin da zai fi saurin koya shi ne cewa zuwanta kusa yana kawo azaba. Dā tsoron rasa abinci kaɗai yake ji, yanzu ka ƙara masa tsoron ita kanta. Abu na biyu da zai koya shi ne cewa gurnani yana jawo zafi, don haka zai daina gurnanin. A nan ne mutane suke ruɗuwa, su ce magani ya yi aiki, alhali kuwa tsoron yana nan a cikinsa, har ma ya ƙaru, bakin da yake faɗar tsoron kawai aka rufe. Wannan daidai yake da mutumin da ƙararrawar gobara ta dame shi, ya cire mata batir ya koma ya kwanta. Ranar da ba ka nan, ko ranar da abin wuyan ba ya jikinsa, yarinya za ta matso, babu gurnani, babu alama, sai cizo. Da yawa daga cikin karnukan da ake cewa sun yi cizo ba zato ba tsammani, a baya sun sha yin gargaɗi, aka yi ta hukunta su a kansa har suka bari.

Wannan magana tana da goyon bayan bincike. A shekarar 2004, masu bincike biyu a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Schilder da van der Borg, sun lura da karnukan da ake horarwa don aikin gadi, suka ga waɗanda aka horar da jan wutar lantarki suna nuna alamun tsoro da damuwa fiye da sauran, ba a filin horo kaɗai ba, har a wajensa, kuma suka kammala da cewa karnukan sun koyi ɗaukar kasancewar mai horar da su a matsayin alamar zuwan azaba. A 2009, Meghan Herron da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun tambayi masu karnuka 140 da suka kawo karnukansu saboda matsalar ɗabi'a, irin hanyoyin da suka gwada a gida. Daga cikin karnukan da aka buga ko aka shura, kashi 43 cikin 100 sun mayar da martani da faɗa. Daga cikin waɗanda aka ƙwace wa abu daga baki da ƙarfi, kashi 39. Daga cikin waɗanda aka kayar aka danne a bayansu, kashi 31. Sai kuma binciken Jami'ar Lincoln ta Ingila, wanda aka wallafa a 2014 kan karnuka 63 masu ƙin amsa kira. A can ƙwararrun da masu ƙera na'urar lantarkin ta wuya suka amince da su ne suka yi amfani da ita, amma duk da haka sakamakonsu bai fi na waɗanda suka horar da lada, wato ba kare abin daɗi idan ya yi daidai, ba, karnukansu kuma sun fi nuna takura a jiki. Da aka sake nazarin bayanan a 2020, sai aka ga karnukan da aka horar da lada sun fi saurin amsa umarni. Ka tuna cewa waɗannan manyan karnuka ne a hannun gwanaye, ba kwikwiyo ɗan wata huɗu a hannun wanda bai taɓa riƙe na'urar ba. Irin waɗannan dalilai ne suka sa yankin Wales na Birtaniya ya haramta ta tun 2010, wasu ƙasashen Turai kamar Jamus da Denmak su ma suka hana, ƙungiyar likitocin ɗabi'ar dabbobi ta Amurka kuma ta fitar da matsaya a 2021 cewa a horar da karnuka ta hanyar lada, har da masu matsalar faɗa. Ko masu ƙera na'urar da kansu, da yawansu suna rubutawa a takardar bayani cewa kada a sa wa kwikwiyon da bai kai wata shida ba.

Sarƙa mai zarge da mai haƙoran ƙarfe suna da wannan illa duka, da ƙarin wata. Wuyan kwikwiyo yana ɗauke da maƙogwaro wanda guringuntsinsa bai yi ƙwari ba, da jijiyoyin jini masu zuwa kai, da ƙashin wuya mai tasowa, kuma fizga da ƙarfi tana iya yi wa waɗannan rauni. Akwai kuma abubuwan wuya masu girgiza da masu fesa ruwa mai wari, waɗanda ake tallata su a matsayin masu sauƙi. Gaskiya ne ba su kai lantarki zafi ba, amma da firgitarwa suke aiki, don haka a kan gurnani sakamakonsu ɗaya ne: su toshe gargaɗi su bar tsoro.

Ba na zargin abokinka da mugun nufi. Ya ga kare ya yi shiru nan take bayan an danna, kuma wannan abu ne da ido yake gani, alhali illar ba ta fitowa sai bayan watanni. Maganar da ya yi ta a nuna wa kare wane ne mai gida ma tana da asali. Ta samo tushe ne daga nazarin da masanin dabbobi Rudolf Schenkel ya wallafa a 1947 kan kyarketai, dangin kare na daji, da aka tara a gidan namun daji na birnin Basel a ƙasar Switzerland, baƙin juna da aka kulle wuri ɗaya suna ta faɗa. Wani masanin kyarketai, David Mech, ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970, amma bayan ya shafe shekaru yana kallon kyarketai a daji, sai ya rubuta a 1999 cewa garkensu iyali ne, uwa da uba da 'ya'ya, kuma ba da faɗa iyayen suke samun jagoranci ba. Kwikwiyonka ba ya neman karɓe ragamar gidanka. Abincinsa yake tsoron rasawa.

Ga abin da nake so ka yi tun daga yau. Ka ware masa wurin cin abinci wanda yara ba sa shiga, a bayan ƙofa ko shinge, ka ajiye kwano ka bar shi ya ci cikin natsuwa, sai ya gama ya tashi sannan a ɗauke kwanon. Duk abin da yake ƙwallafa rai a kansa, kamar ƙashi, a can za a ba shi, kuma kada a ba shi dafaffen ƙashi ko kaɗan, domin yana tsagewa ya ji masa ciwo a hanji. Kada ka bi shawarar masu cewa a riƙa sa hannu a kwanonsa ko a ɗauke abincin yana tsakiyar ci don ya saba, domin wannan tabbatar masa yake yi cewa tsoronsa gaskiya ne.

Bayan ka tsare yara, sai ka shiga aikin sauya masa tunani, kai kaɗai ko wani babba. Yana cikin ci, ka tsaya daga nesa, a tazarar da ka ga jikinsa a sake yake, wataƙila taku huɗu ko biyar. Ka jefa masa ɗan guntun nama, wanda ya fi abin da ke kwanon daɗi, ya faɗi kusa da shi, ka juya ka tafi. Ka yi haka sau uku ko huɗu a kowane cin abinci. Bayan kwanaki za ka ga wani canji ƙarami wanda shi ne abin da muke nema: da ya ji takunka, sai ya ɗago kai daga kwano, kunnuwa a sake, jela tana kaɗawa a hankali, yana jiran abin da ka kawo. Sai ka ga wannan ne za ka rage tazarar da taku ɗaya. Idan ka matsa ka ga ya sandare ko ya ƙara saurin ci, to ka matsa da wuri ke nan, sai ka koma inda kake jiya. A haka har ka kai ga tsayawa a gefensa ka saka naman a cikin kwano. Idan kuma a kowane lokaci ya yi maka gurnani, kada ka tsawata masa, ka ja da baya cikin natsuwa, ka ɗauka cewa ya faɗa maka ka wuce iyakar da zai iya ɗauka a yau. Na san wannan yana da wuya a zuciyar mai gida, domin ji yake kamar kare ya yi nasara a kansa, amma abin da kake ginawa shi ne kare mai faɗa maka damuwarsa kafin ya kai baki. Haka nan ka koya masa musaya: idan ya ɗauki wani abu, ka nuna masa abin da ya fi shi, da ya saki ka ba shi, sau da yawa kuma ka mayar masa da abin da ya saki, don ya gane cewa sakin abu ba asara ba ce. 'Yarka ba za ta shiga wannan aiki ba sai ya kafu sosai da manya, kuma ko a lokacin tana riƙe a hannunka. Dokokinta uku ne, a maimaita mata su kullum: ba a zuwa wurin kare yana ci, ba a taɓa shi yana barci, ba a rungume shi ko a kai fuska kusa da tasa. Kada kuma a bar ta da shi su kaɗai, ko na minti ɗaya.

A cikin wannan mako ka kai shi wurin likitan dabbobi. Ciwo a kunne, ko a baki, ko a gaɓa, yana sa dabba saurin fushi, tsutsar ciki kuma tana sa kwikwiyo jin yunwar da ba ta ƙarewa, wadda take ƙara masa rowar kwano. Ka tambayi likitan ko adadin abincin da kake ba shi ya isa, domin mai wata huɗu yakan ci sau uku a rana. Mafi muhimmanci, ka tabbatar an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake fara yi daga wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu ta hanyar karnuka, kuma yara suna da kaso mai yawa a ciki. Idan haƙorinsa ya taɓa fasa fatar wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a kuma je asibiti a ranar.

Mai yiwuwa kana tunanin cewa wannan lallashi zai lalata karen da kake so ya yi gadi. Ba zai lalata shi ba. Yin haushi ga baƙo da tsare iyakar gida ɗabi'a ce da take fitowa da kanta idan kare ya fara balaga, ba sai an cusa masa ita da azaba ba. Karen da aka raina da tsoro ba ya bambance ɓarawo da yaron maƙwabta, kuma mutanen gida ne suka fi kusa da bakinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma lokacin da kwikwiyo ya fi karɓar sababbin abubuwa, daga sati uku zuwa wajen sati goma sha huɗu, ya riga ya wuce wa naka da kaɗan, saboda haka kada ka ƙara jinkiri. Ka sa ya riƙa ganin mutane iri-iri daga tazarar da ba ta firgita shi, kowace haɗuwa tana zuwa da ɗan abin daɗi. A wuyansa kuwa, abin wuya mai faɗi na yadi ko fata ya isa, wanda yatsunka biyu za su shiga tsakaninsa da fata, kana duba shi kowane mako domin yana girma da sauri. Don fita yawo, ɗamarar da take zagaye ƙirji ta fi, saboda ba ta matsa maƙogwaro.

Cizon wasa zai ragu sosai a lokacin da haƙoransa suka gama fitowa, in dai kowa a gidan ya riƙe ƙa'ida ɗaya. Matsalar kwano kuwa takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Idan bayan makonni uku zuwa huɗu na wannan aiki ba ka ga sassauci ba, ko ya fara tsare wasu abubuwan kamar wurin kwanciyarsa, ko ya ciji wani har ya fasa fata ba a cikin wasa ba, to abin ya wuce a yi shi daga shafin shawara. Ka nemi likitan ya haɗa ka da ƙwararre a kan ɗabi'ar karnuka wanda zai zo gidan ya gani da idonsa, kuma kafin ka ba shi aikin ka tambaye shi abin da yake yi idan kare ya yi gurnani. Idan ya ambaci lantarki, ko zarge, ko danne kare a ƙasa, ka nemi wani. Idan kuma ka duba ka ga tsarin gidanka ba zai ba ka damar raba shi da yara a lokacin cin abinci ba, gara ka nema masa gidan da babu ƙananan yara tun yana ƙarami, ka kuma faɗa wa wanda zai karɓe shi duk abin da ya faru a bakin kwanon.